Yadda Ake Shirya Wasan Tarihi a Kan Sarauniya Elizabeth da Mary ta Scotland

Masu karatu da dama, musamman ɗaliban sashen wasan kwaikwayo da 'yan ƙungiyoyin dirama na makarantu da matasan marubuta, suna ta aiko da tambaya guda ta fuskoki daban-daban: idan mutum yana son ya shirya wasa a kan sarauniyoyi biyu masu hamayya da juna, ta ina zai fara, kuma ina iyakar abin da zai ƙara daga kansa? Tunda yawancinsu labarin Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila da Mary sarauniyar Scotland suke ambata, da shi za a bi matakan nan. An tsara jagoran ne domin ƙaramar ƙungiya mai ƙaramin jari, wadda za ta yi wasan da Hausa, a dandamali ko a gajeren fim. A bi matakan yadda aka jera su, domin wanda ya je wurin tela kafin ya gama lissafin shekaru zai biya kuɗin ɗinki sau biyu.

1. Yanke zangon da za a ɗauka

Mary ta hau sarauta tana da kwana shida a duniya, ta yi aure uku, ta zama sarauniya a Scotland da Faransa, ta shafe kusan shekara 19 a tsare, aka kashe ta tana da shekara 44. Wasan awa biyu ba zai ɗauki wannan duka ba, kuma duk wanda ya gwada, jerin aukuwa kawai zai kawo wa masu kallo, ba tare da sun san kowa a ciki ba. Zango uku ne ake iya zaɓa.

Na farko shi ne daga komawarta Scotland a watan Agusta 1561 zuwa gudunta Ingila a watan Mayu 1568. A nan ne aurenta da Darnley yake, da kisan sakatarenta David Rizzio, da mutuwar Darnley, da aurenta da Bothwell wanda ake zargi da kisan Darnley, da yaƙin Langside inda aka ci rundunarta. Labari ne mai zafi, amma yana buƙatar dawakai da taron jama'a, kuma Elizabeth ba ta da aiki a cikinsa sai rubuta wasiƙa daga nesa. Na biyu shi ne shekarun tsarewa, waɗanda motsi ya yi ƙaranci a cikinsu, sai ƙwararren marubuci ne zai hana mutane hamma. Na uku shi ne daga tsakiyar 1586, lokacin makircin Babington na kashe Elizabeth a kuɓutar da Mary, zuwa ranar 8 ga Fabrairu 1587 da aka sare kan Mary a Fotheringhay, gidan da aka tsare ta na ƙarshe a Ingila. Wannan ne nake ba ƙaramar ƙungiya shawara ta ɗauka: ɗakuna biyu sun ishe shi, mutum tara sun ishe shi, takardunsa sun fi na kowane zango yawa, kuma shi ne lokacin da kowace sarauniya take kwana tana tashi da tunanin ɗayar.

2. Jadawalin shekaru

A samo babbar takarda a ja layi a tsakiya, Elizabeth a ɓangare ɗaya, Mary a ɗaya, a rubuta kowace aukuwa da shekararta da kuma shekarun haihuwar kowacce a lokacin. An haifi Elizabeth a 1533, ta hau gadon sarauta a Nuwamba 1558, ta rasu a Maris 1603. An haifi Mary a Disamba 1542, aka kai ta Faransa a 1548, mijinta na farko Sarki François na Biyu ya rasu a ƙarshen 1560, ta haifi ɗanta James a Yuni 1566, aka tilasta mata murabus a Yuli 1567. Da wannan lissafi za a ga cewa a watan da aka yi kisan, Elizabeth tana da shekara 53, Mary kuma 44. A manna takardar a bangon ɗakin atisaye, kada a cire ta har a gama wasan.

Hattara da abu biyu. Akwai wata Mary, yayar Elizabeth da suke uba ɗaya, wadda ta mulki Ingila daga 1553 zuwa 1558, kuma masu bincike a waya suna yawan cakuɗa labarinta da na Mary ta Scotland. Sannan a wancan zamani Ingila tana fara ƙirga sabuwar shekara ne daga 25 ga Maris, saboda haka za a iya cin karo da tsohuwar takarda da ta rubuta ranar kisan a matsayin Fabrairu 1586. Ba kuskure ba ne, rana ɗaya ce.

3. Raba abin da aka karanta gida uku

A sayi biro kala uku. Kala ta farko ta abin da ya tabbata ce, ta biyu ta abin da masana suka yi saɓani a kai, ta uku ta abin da marubucin ya ƙirƙira. Kowace fitowa a rubutaccen wasan sai an yi mata alama a gefe da ɗaya daga cikin ukun, ta yadda darakta da 'yan wasa za su san a kan me suke tsaye.

A gidan tabbas akwai cewa Mary ta amsa wasiƙar Anthony Babington a Yuli 1586, cewa wasiƙun suna shiga da fita daga gidan Chartley, inda ake tsare da ita, a ɓoye cikin gangar giya, cewa mutanen Francis Walsingham, sakataren Elizabeth mai kula da leƙen asiri, su ne suka shirya hanyar tun farko, kuma ma'aikacinsa Thomas Phelippes yana warware rubutun sirrin kafin wasiƙa ta isa hannun mai ita. A gidan saɓani akwai ko Mary ta san da shirin kashe Darnley, ko Bothwell da ƙarfi ya ɗauke ta ko da yardarta, da sahihancin wasiƙun nan da aka ce Mary ta rubuta wa Bothwell, aka kuma samu a cikin akwatin azurfa, waɗanda ainihinsu ya ɓace tun 1584, da kuma ko Elizabeth ta yi nufin a aika da takardar kisan bayan ta sa mata hannu. Wannan gida na biyu shi ne gonar marubuci. A nan yana da damar ya zaɓi ɓangare, ko ya bar mai kallo cikin kokwanto, ba tare da ya yi wa tarihi ƙarya ba.

Kada a ɗauki maganar mutanen zamanin a matsayin hukunci don kawai sun ga abin da idonsu. John Knox da George Buchanan, malaman Furotesta na Scotland, abokan gabar Mary ne, kuma da gaba suka yi rubutu. Jakadu suna rubuta wa iyayen gidansu abin da zai yi musu daɗi. Muryar Mary da kanta tana nan a wasiƙarta ta ƙarshe zuwa ga Sarki Henri na Uku na Faransa, wadda ta rubuta da Faransanci a daren da za a kashe ta da safe, kuma Ɗakin Karatu na Ƙasa na Scotland ya sa ta a intanet tare da fassara. Kuɗin wannan mataki bai wuce na data da buga takardu ba, sai ɗan abin goro ga malamin tarihi ɗaya da zai karanta rubutun da idon neman kuskure. Kada a yi rowar wannan goron.

4. Maganar haɗuwar da ba a taɓa yi ba

Elizabeth da Mary ba su taɓa ganin juna ido da ido ba. An shirya haɗuwa a arewacin Ingila a 1562, yaƙin addini da ya ɓarke a Faransa ya sa aka ɗage ta, ba a sake yi ba. Bayan Mary ta shigo Ingila ta yi ta roƙon a kai ta gaban Elizabeth, ana ƙi. Duk da haka marubucin Jamus Friedrich Schiller ya haɗa su a wasansa na 1800, fina-finan 1971 da 2018 ma suka haɗa su, har mutane da yawa suka ɗauka an yi. Kowane marubuci zai ji wannan jaraba, domin mai kallo yana jiran ranar da jarumai biyu za su tsaya gaba da gaba.

Ra'ayina shi ne a bar su a rabe. Ƙin haɗuwar siyasa ce da Elizabeth ta riƙe shekara da shekaru: karɓar Mary a fada yana nufin wanke ta daga zargin kisan miji, yana kuma nufin ba masu goyon bayanta fuskar da za su taru a kanta. Da zarar an haɗa su, wannan dalili ya rushe, kuma kukan da Mary take yi na cewa an hukunta ta ba a saurare ta ba ya zama banza. Akwai hanyoyin samun zafin haɗuwa ba tare da haɗuwar ba. Mafi sauƙi shi ne a raba dandamali biyu da haske, ɗaya tana rubuta wasiƙa a dama, ɗaya tana karantawa a hagu, maganganunsu suna shiga cikin juna, amma idonsu bai taɓa haɗuwa ba. A fim kuwa, tacewa ce za ta yi wannan aiki. Tarihi ma ya ba da kyauta: a shari'ar da aka yi wa Mary a Fotheringhay a Oktoba 1586, an ajiye kujerar sarauta ƙarƙashin rumfar mulki a madadin Elizabeth, ba kowa a kanta. Mary tana kare kanta tana fuskantar kujerar da babu kowa, wannan fitowa ta fi duk wata ƙirƙirarriyar cacar baki, kuma kuɗinta kujera ɗaya ce da ƙyalle.

Idan ƙungiya ta nace sai an haɗa su, to a yi shi a matsayin mafarki ko tunanin ɗaya daga cikinsu, a canza haske yadda kowa zai gane, a kuma yi wa fitowar alama da biro na uku.

5. Rubuta hujjar kowacce

Kuskuren da ya fi saurin kama marubucinmu shi ne ya mayar da su kishiyoyi, ɗaya kyakkyawa mai haƙuri, ɗaya mummuna mai hassada, domin wannan ne labarin da hannu ya saba rubutawa. Ba miji suke taƙaddama a kai ba, gadon sarautar Ingila ne da addinin ƙasar. Kafin a rubuta magana ko ɗaya, a rubuta wa kowacce shafi guda na hujjarta, kamar lauyanta ne ya rubuta.

A shafin Mary: kakarta Margaret Tudor 'yar'uwar Sarki Henry na Takwas ce, mahaifin Elizabeth, saboda haka jinin gidan yana jikinta, kuma mabiya Katolika da yawa ba su yarda da auren Henry da mahaifiyar Elizabeth Anne Boleyn ba, don haka a wurinsu Mary ce magajiya ta halal. Ta shigo Ingila neman mafaka aka tsare ta. Ita sarauniya ce mai cin gashin kanta, ba talakar Ingila ba, kotun Ingila ba ta da hurumi a kanta. A shafin Elizabeth: an sare kan mahaifiyarta a 1536 tana ƙasa da shekara uku, ita kanta an tsare ta a kurkukun Hasumiyar Landan a 1554, manyan arewacin Ingila sun yi tawaye a 1569, Paparoma Pius na Biyar ya fitar da ita daga coci a 1570 ya kuma sauke wa talakawanta nauyin yi mata biyayya, an bankaɗo makircin Ridolfi a 1571 da na Throckmorton a 1583, duka biyu na kawar da ita a ɗora Mary, an harbe William na Orange, jagoran Furotesta na ƙasar Holand, a 1584. Tana tsoron barin Mary da rai, tana kuma tsoron ta koya wa duniya cewa ana iya sare kan mai sarauta.

Kada a manta da mazan da ke kewaye da su. William Cecil, wato Lord Burghley babban mashawarcin Elizabeth, da Walsingham da majalisar dokoki su ne suka matsa a yi kisan, kuma majalisar sarauniya ce ta aika da takardar ba tare da ta sake komawa gare ta ba. Wasan da ya cire su zai ɗora wa mace ɗaya laifin da fada guda ta ɗauka.

6. Harshen da za su yi magana da shi

A yi amfani da Hausar girmamawa da kunne ya saba da ita: ranki ya daɗe, Allah ya ja zamaninki, Allah ya taimaki sarauniya. Amma a tsaya nan. Kada a kawo kirari da algaita da dogarai, kada a naɗa Burghley Waziri ko Walsingham Sarkin Fada, domin muƙamansu ba su yi daidai da waɗannan ba. A ce ma'ajin ƙasa, a ce sakataren sarauniya. A wasiƙunsu kuwa sarauniyoyin biyu suna kiran juna 'yar'uwa, ko a lokacin da gaba ta yi tsanani, kuma wannan ladabi mai ɗaci ya kamata a ji shi a bakin 'yan wasan.

Mutanen nan Kiristoci ne, kuma saɓanin Katolika da Furotesta yana tsakiyar labarin. Kada a sa musu rantsuwa da addu'o'in da ba nasu ba. A nemi Bahaushe Kirista, in da hali limamin cocin Katolika da fasto, su duba kalmomin ibada, su kuma tabbatar ba a yi wa wani ɓangare izgili ba. Mary ta girma a Faransa, ana iya nuna hakan da gajeriyar gaisuwa ta Faransanci tsakaninta da hadimanta. Kada a ba ta karin harshen wani yanki na ƙasar Hausa don a nuna baƙuwa ce, masu kallo dariya za su yi, mutanen yankin kuma su ji haushi.

7. Zaɓen 'yan wasa

Mutum tara: Elizabeth, Mary, Burghley, Walsingham, sakatare William Davison, mai tsaron Mary Amias Paulet, Shrewsbury wanda ya taɓa tsaronta shekaru masu yawa kuma ya halarci kisan, da hadimanta biyu Jane Kennedy da Elizabeth Curle. Alƙalai da masu gadi, waɗanda ba su cikin fitowar ne za su riƙa sa hula su cike gurbin. Mary doguwa ce ƙwarai, ta kusa ƙafa shida, amma a 1586 jikinta ya yi nauyi, ciwon gaɓoɓi ya hana ta tafiya sosai. A nemi mata biyu manya, ko masu iya ɗaukar girma, ba 'yan mata masu tashe ba. Gwaji mafi amfani shi ne a miƙa wa mai neman gurbin takarda, a ce mata wasiƙa ce mai ɗauke da mummunan labari kuma fadawa suna kallonta, ta karanta a zuci. Wadda ta iya nuna an soke ta ba tare da ta buɗe baki ko ta dafe ƙirji ba, ita ake nema.

8. Atisaye

A ware mako shida. Makon farko karatu ne a zaune, da jadawalin shekaru a gaba, kowa ya faɗi abin da mutumin da yake wakilta ya sani a wannan rana da abin da bai sani ba. Wannan yana da muhimmanci, domin babban ciwon wasan tarihi shi ne ɗan wasa ya san ƙarshen labari ya fara makoki tun fitowar farko. Mary da take amsa wasiƙar Babington tana ganin ƙofar fita ce ta buɗe. A buga ta da murna.

Mako na biyu na matsayi ne, ba magana. Wa yake durƙusawa, wa yake zama, wa yake cire hula, wa yake da ikon fara magana, wa yake juya baya. Manyan fada suna durƙusawa idan suna magana da Elizabeth, ita kuma ba ta gaggawar waiwaya don an shigo. 'Yar wasan da take ɗaga murya tana zare ido don a san ita ce sarauniya ta ɗauki aikin da ba nata ba, sauran ne za su nuna sarautarta da jikinsu. Misalin da za a yi ta maimaitawa shi ne abin da Paulet ya yi bayan an yanke hukunci: ya sa aka sauke rumfar mulkin da ke kan kujerar Mary, ya zauna a gabanta da hularsa a kai. Idan an kafa dokar hula da zama tun farkon wasan, wannan zaman kaɗai zai sa ɗakin kallo ya yi tsit. Idan ba a kafa ba, mutum ne kawai ya zauna.

Daga mako na uku a raba sarauniyoyin, kowacce da ranar atisayenta da mutanenta, kada ɗaya ta kalli aikin ɗayar sai a makon ƙarshe. Ta haka kowacce za ta gina hoton abokiyar hamayyarta daga wasiƙa da tsegumin fadawa, kamar yadda abin ya kasance. Daga wannan mako kuma su fara yawo da doguwar siket mai nauyi da takalmin da za su sa, ko da tsohon zanen gado ne aka ɗaura, domin tafiya da zama suna canzawa, kuma wadda ta fara sa kayan a daren wasa za ta yi ta fama da su.

Ga mai wakiltar Elizabeth, aiki mafi wuya shi ne jinkirinta. An yanke hukunci tun kafin ƙarshen 1586, ba ta sa hannu ba sai 1 ga Fabrairu 1587, kuma a ranar ta sa aka rubuta wa Paulet ana nuna masa cewa da zai kawar da Mary a ɓoye da ya sauƙaƙa mata, shi kuma ya ƙi. Kada a buga wannan a matsayin rauni ko ruɗewa. Mace ce mai lissafi da take neman hanyar da abin zai faru ba da sunanta ba, tana kuma jin kunyar neman. Ga mai wakiltar Mary, a tuna cewa a shari'ar ba a ba ta lauya ba, an ƙwace takardunta, ba a kawo sakatarorinta su yi shaida a gabanta ba, ita kaɗai ta tsaya wa ɗaki cike da manyan Ingila da masana shari'a. Kaifin basira ake so a nan da izza, da kuma iya kauce wa tambaya, domin ba duk abin da ta musanta ne ƙarya aka yi mata ba.

Gargaɗi game da kuka: a ƙayyade wa kowacce wuri ɗaya a duk wasan. Hawayen da aka fara tun fitowa ta biyu ba sa tsinana komai a ta ƙarshe.

9. Sutura da kwalliya

Nan ne kuɗi yake zurarewa, saboda haka a zuba shi a kan mutum biyu. Mary baƙar riga ce doguwa, da farin mayafi da farar hular kai, da gicciye da carbin Katolika, sannan jar riga a ciki wadda ba za a gani ba sai ranar kisa. Elizabeth riga ce mai ƙyalli, da farin tattararren wuya, da jan gashin kanti, da lu'ulu'un roba masu yawa. Kafin a sayi sabon karammiski a Kantin Kwari, a zaga wurin masu gwanjo a nemi labule masu kauri, sun fi arha kuma sun fi kama da tsohon yadi a ƙarƙashin fitila. Wuyan ana yinsa da farin yadi da sitaci mai yawa. Faɗin siket kuwa da zobban tiyo siriri da aka ɗinke a siket na ciki, ƙanana a sama manya a ƙasa. A kai wa tela hoton zane mai ɗauke da shekara, domin siket mai faɗi kamar faifai daga ƙugu, wanda ake gani a wasu hotunan Elizabeth, yayin shekarun 1590 ne, bayan mutuwar Mary. Maza baƙaƙen riguna da hula da sarƙa sun wadatar.

A duba hannun kowa kafin a fara: agogo, lalle, jan farce, tabarau na zamani, zif da ya fito fili. Kada a sa wa mutanen Scotland guntun siket mai gidan dara da ake gani a yau, ya zo ne daga baya. Farar hodar da matan fada suke shafawa a lokacin da dalma ake yinta, guba ce, kuma ba dalilin shafe fuskar baƙar mace da farin fenti. A ɗan haskaka fuskar Elizabeth, a ja leɓe, a gwada kayan a bayan hannu kwana ɗaya kafin a shafa a fuska. In da zaɓi, a sa wasan a lokacin hunturu, domin karammiski da fitilu a watan Afrilu suna iya sumar da mutum.

10. Wuri da kayan aiki

Baƙin ƙyalle a bango, tebur biyu, kujera mai hannu, alƙalamin gashin tsuntsu, jan kakin hatimi, ƙaramar ganga. Hasken kyandir ake so, amma a yi amfani da na batir, domin wuta da labulen gwanjo da siket mai faɗi ba sa zama wuri ɗaya. Masu fim su matso da kyamara kusa da fuska, su bar bayan ya yi duhu, su kai janareto nesa da inda ake ɗaukar murya.

11. Fitowar kisa

An yi kisan a babban zauren Fotheringhay, a kan ɗan dandamali da aka lulluɓe da baƙi. Mary ta ƙi addu'ar limamin Furotesta da aka kawo mata, ta yi tata da Latin, hadimanta suka cire mata baƙar rigar jar ta bayyana, aka ɗaure mata ido. A tsaya nan a kashe fitila. Rahotannin lokacin sun ce sara ɗaya bai isa ba, gashin kanti ya zame furfura ta bayyana, an kuma sami ƙaramin karenta a cikin tufafinta. A bar wani ya ba da wannan labari da baki a fitowa ta gaba, a fadar Elizabeth, ita tana sauraro. Ya fi ratsa jiki, ba jini, ba kare mai haushi a inda ba a so. Gatarin na katako ne ko soso, kuma mutum ɗaya ne yake da alhakin ajiyarsa. Abin da ya biyo baya ma tabbatacce ne: Elizabeth ta yi fushi da majalisarta, ta tura Davison Hasumiyar Landan, ta rubuta wa James cewa abin ya faru ba da nufinta ba.

12. Kasafi, izini da dubawar ƙarshe

A rubuta kasafi bayan an je kasuwa an ji farashi da kunne. Abinci da kuɗin mota na mako shida sukan zarce kuɗin sutura, kuma su ne ake mantawa. Sai ɗinkin sarauniyoyi biyu, hayar zaure da fitilu, man janareto, buga rubutu ga kowa, sannan a ware kashi ɗaya cikin goma don abin da ba a zata ba. Mai shirin fim a Kano ya tuntuɓi Hukumar Tace Fina-finai ta jihar tun rubutun yana takarda, kafin a kashe kuɗin ɗauka, na sauran wurare kuma su nemi hukumar da ke da wannan hurumi a inda suke.

Mako ɗaya kafin ranar, a yi cikakken gwaji da kaya, a gayyato malamin tarihin nan da wasu mutum biyu da ba su san labarin ba. Malamin ya rubuta kurakurai, su kuma a tambaye su me ya sa Elizabeth ta sa hannu, me ya sa Mary ta amsa wasiƙar. Idan amsarsu ita ce hassada da wauta, a koma mataki na biyar a gyara rubutu. Daga ƙarshe a tattara duk fitowar da ke da alamar biro na uku, a rubuta su a layi huɗu ko biyar a takardar da za a raba a ƙofa, ko a allon ƙarshen fim, da bayanin cewa waɗannan marubuci ne ya ƙirƙira, sauran kuma daga takardun zamanin aka ɗauko su.